Yatsan Mai Majigi

"Halas, ya binti! Na ce an fasa, an fasa!"

Abuya, mahaifina, ya buga tafinsa a kan keken ɗinkinsa har almakashi ya faɗo ƙasa. Ni kuwa ina tsaye a bakin ƙofa. Saura mako uku a ɗaura aurena da Abdulgaffar.

"Abuya, me ya yi?"

"Tambayi gwaggonki!"

Gwaggo Sauda, ƙanwar Abuya, ta gyara mayafi. 'Yarta Madina na gefenta tana matsar hawayen da ban ga ko ɗigo ɗaya ba.

"Ranar Alhamis ɗin da ta wuce a gidan Hajiya A'i," in ji Gwaggo, "ya bar majigin yana aiki, ya tare 'yata a zaure. Wai ita yake so, ke dole aka yi masa."



Abdulgaffar mai majigi ne. A Jidda ta waccan shekarar, 1969, mu mata ba ma zuwa gidajen silima na unguwa, sai dai a ɗauko majigi zuwa gida, a toshe tagogi da barguna bayan la'asar, a kafa farin zani a bango. Shi kuma a rataya masa labule, ya zauna a bayansa da injinsa, haske kawai ke fitowa ta ɗan tsagi. Ta wannan tsagin ya fara jin dariyata, har ya turo manya gidanmu na unguwar Sa'alaba.

Ranar Alhamis ɗin ina can gidan Hajiya A'i a unguwar Ammariyya, a sahun gaba. Fim ɗin Misira ne na ban dariya: wata lauya mai tsiwa tana kare direban da aka ce ya sace kazar alƙali, ana cikin shari'a soyayya ta shiga. Sau shida na kalle shi. Duk lokacin da aka kusa ɗaure direban, sai ta ɗaga yatsa ta ce tambaya ɗaya kawai take da ita.

Na share idona.

"Abuya, ka ji bakinsa?"

"Me zan ji?"

"Ko a fim, alƙali ba ya ɗaure mutum sai ya ji bakinsa."

"Kin gani ko, Yaya?" Gwaggo ta tafa hannu. "Silima ta cinye mata kai!"

Abuya ya dube ni. Mutum ne mai saurin hawa, amma yana tsoron hakkin mutane fiye da komai.

"Gobe bayan Juma'a," ya ce. "A kira shi, a kira Hajiya A'i. In ta tabbata, kada in ƙara jin sunansa a bakinki, Zaituna."

Washegari falonmu ya cika. Abdulgaffar ya durƙusa can gefe, kansa a ƙasa, hannun damansa cikin aljihun doguwar rigarsa. Ko kallona bai yi ba, kuma hakan ya fi komai ci mini rai.

"Wallahi, Ammi, ban fita ba," ya ce wa Abuya, yana kiransa baffa da Larabci.

"Ita ma wallahin ta ce," in ji Abuya.

Sai na miƙe. Na ɗaga yatsa.

"Abuya, tambaya ɗaya ce da ni."

Hajiya A'i ta toshe bakinta da mayafi, don ta gane inda na samo wannan.

"Madina, a wane wuri fim ɗin yake lokacin da ya tare ki?"

"Wurin kotun mana. Faifai na ƙarshe."

"Kun daɗe a zauren?"

"Sosai! Har sai da aka saki direban."

"Fim ɗin bai tsaya ba?"

"Ina zai tsaya? Inji ne, shi ke juya kansa."

Na juya ga Hajiya A'i. Gaskiya ban san abin da za ta ce ba. Abin da kawai na tuna shi ne, ranar na ji wani ƙas daga bayan labule, sai hoton ya ɗan girgiza, sannan ya ci gaba.

"Hajiya, ke ce a jikin labulen. Ƙarar nan ta mece ce?"

"Ayya, 'yar nan!" Ta gyara zama. "Robar da ke juya faifan baya ce ta tsinke. Na leƙa, na ga zaren fim ya fara zubowa ƙasa kamar taliya. Na ce masa a tsaya, ya ce a'a, Zaituna na son wurin kotun nan. Da yatsa ya yi ta juya faifan, wallahi, har aka rubuta an gama. Ni na riƙa miƙa masa ruwa a baki."



"Yalla, fito da hannun," in ji Abuya.

Abdulgaffar ya zaro shi a hankali. Ɗan alinsa na naɗe da tsumma. Abuya da kansa ya warware, sai ga fata ta saluɓe, jajawur, har yanzu ba ta kame ba.

"Me ya hana ka nuna mini tun farko?"

"Kunya, Ammi... Mai majigi da tsinkakkiyar roba. Kuma ban so a kunyata Madina a gaban mutane ba."

A nan ne kukan Madina ya zo, na gaske wannan karon.

"Ni ya kamata... ni na fara ganinsa..." Ta kifa kai a cinyar uwarta. Gwaggo ta rasa inda za ta sa idonta, sai ta hau gyaran mayafin da babu abin da ya same shi.

Na ji tausayinta, amma ba zan yi ƙarya ba, wani sanyi ne ya sauko mini tun daga ka har tafin ƙafa. Na zame na zauna a ƙasa ina dariya ina kuka.

Abuya bai saki hannun ba.

"Ka yafe mini, ya waladi. Na yanke maka hukunci ban ji bakinka ba." Ya harare ni, gefen bakinsa na motsi. "Ke kuma lauya, zauna da kyau. Kotu ta tashi. Aure yana nan ranarsa."

Kwana bakwai bayan biki, Abdulgaffar ya toshe tagar ɗakinmu na unguwar Bani Malik da bargo, ya kafa majigin. Babu labule a tsakaninmu.

"Habibti, na sa sabuwar roba," ya ce. "Yau hannuna ba shi da aiki."

"Wa ya gaya maka?"

Na kamo yatsan mai tabo na riƙe gam. Lauyar ta ɗaga nata yatsan a jikin bango, ni kuwa ban saki nawa ba har aka saki direban.