Rigar da Gita Ta Jawo

"Lawwali! Ka kashe abin ga ka taho ka ci tuwo, ko in zuba ma kaji!"

Inna Mairama ce daga bakin murhu, kira na uku ke nan. Lawwali ya fito daga ɗakinsa na zaure yana murmushi, gita rataye a kafaɗa, waya tana jan ƙasa a bayansa.

"Saura wata biyu a ɗaura maka aure da Turai, ɗiyar malami a Wurno," in ji ta, "kai kau kana nan kana tsinkar wayoyi. In Malam Abdulƙadiri yaj ji hwa?"

"Ya sani, Inna. Ni na hwaɗa mai da bakina. Cewa yay yi abin da mutum ka yi cikin ɗakinai, tsakaninai da Ubangijinai na."

Wannan a shekarar 1958 ne, a Rabah. Lawwali malamin gona ne na En'e, wato hukumar gargajiya, maraya, ɗan gidan mutunci. A makarantar gona ta Samaru wani abokin karatunsa ɗan kudu ya koya masa gita, ciwon kuma ya kama shi bai sake shi ba. Tasa ta katako ce mai ciki, tsohuwar hannu, da wani ɗan ƙarfe da aka maƙala ƙarƙashin wayoyin, shi ke kai sauti cikin ƙaramin akwati mai lasifika ɗaya. Da yake babu lantarki a garin, tsohon batirin mota ke ciyar da akwatin. Bai taɓa kaɗa wa kowa don a ba shi komai ba, sha'awa ce kawai.

Bai kai loma uku ba sai ga ƙugin mota a ƙofar gida. Mode ne, direban babbar mota ɗan Goronyo, abokin wannan haukar tasa. Ya dawo daga Ikko da kaya niƙi-niƙi, bakinsa har kunne.

"Yau gardama ta ƙare! Taho ka ga lamba wan!"

Ya warware bargo. Gita ce ja wur, falle ɗaya kamar allo, ba ta da ciki ko kaɗan. Akwatinta ya yi biyun na Lawwali, lasifika biyu, maɓalli huɗu.

Lawwali ya ƙwanƙwasa ta da yatsa, ya taɓe baki. "Wagga ai ba ta da rai, Mode. Cire mata waya ka ji in ta hi sauro ƙara. Tawa ko batir ya mutu tana magana."

"Magana awa mai mura! Ka ga maɓallin ga? In ka murɗa shi murya rawa takai. Wanga kau na kauri na. Naka akwatin mi shi ka yi in ba gunaguni ba?"

"Nau akwatin shina kwana bakwai da batir guda. Naka awa biyu za shi shanye na motarka, mu koma turi."

Haka suka yi ta yi har la'asar. Su haɗa gitar wannan da akwatin wancan, su sake mayarwa, kowa ya kafe tasa ta fi. Gaskiyar magana, ta Lawwali ta fi daɗi a ɗaki, ta Mode ta fi kai wa nesa, amma wa zai faɗa wa samari biyu haka su yarda? A ƙarshe Mode ya ce ɗaki ne ke cutar kayansa, a fili ake sanin akwati. Suka yi alkawarin haɗuwa a Goronyo, gindin wata tsamiya bayan tasha, inda babu kowa. Ba wanda ya tuna a cikinsu cewa ranar da suka sa ranar kasuwa ce.

Ranar ta zo. Lawwali ya fara da tasa, sautin ya tsaya nan kusa da su. Sai Mode ya miƙa masa jar.

"Hannunka ya hi nau. Kai ka gwada ta, in ba ta yi ba in yarda."

Mode ya murɗa maɓalli har ƙarshe. Lawwali ya rufe ido, ya ɗauko wata tsohuwar muryar sarewa da makiyaya ke busawa in za su gangara fadama. Sautin ya tashi yana rawa, ya haye tasha, ya shiga kasuwar shanu. Ko da ya buɗe ido, mutane sun yi musu zobe, maza da mata, har da masu tallan nono.

A gaban taron akwai wani dattijo dogo, hawaye na bin gemunsa. Alhaji Maigandi ke nan, babban falken shanu, wanda ya yi ƙuruciyarsa a bayan garke. Bai tambayi kowa komai ba. Ya tuɓe babbar rigarsa, shuɗiya mai aikin aska takwas, ya yafa wa Lawwali a kafaɗa. Wata mata ta rangaɗa guɗa.

To, me yaro mai tarbiyya zai yi in sa'an ubansa ya miƙo masa abu a bainar jama'a? Lawwali ya durƙusa ya ce, "Na gode, Baba. Allah shi ƙara girma." Sai da ya miƙe, ya ga yadda Mode ya dafe kai, sannan ya gane abin da ya yi. A ƙasar nan wanda ya yi kiɗa a kasuwa aka yafa masa riga, ya karɓa ya yi godiya, sunansa ɗaya ne: maroƙi.

Labarin ya riga shi isa Wurno. Kwana uku bayan haka ya durƙusa a zauren Malam Abdulƙadiri, kansa a ƙasa.

"An ce ka yi kiɗi a kasuwa," in ji Malam, muryarsa a sanyaye.

"Gwajin akwati mukai, Allah shi gahwarta Malam. Ba mu san..."

"An ba ka riga?"

"An ba ni."

"Ka amsa? Ka yi godiya?"

"Dattijo na, Malam. Ƙaƙa za ni ƙi?"

Malam ya ja carbinsa. "Na san kai ba maroƙi na ba, Lawwali. Amma ni kaɗai nas sani. Gidan ga tun kakanni ba a taɓa haɗa zuri'a da makaɗa ba. Ba raini na ba, kowa da gidan da Allah yas sa shi. Gobe in Turai ta haihu, ɗiyan maroƙi za a ce da jikokina, kuma ba ni da bakin da za ni bi mutane ɗai-ɗai in gyara. Ba ni tilasta mata wani. Amma muddin rigag ga tana wuyanka, ba ni ba ka ita."

Da a ce faɗa Malam ya yi, da ya fi sauƙi. Washegari aka dawo da kayan sa rana Rabah, goro da tabarmi, ba abin da aka taɓa. Inna Mairama ta zauna a tsakar gida ta sa su a gaba tana kuka, ko kallon ɗanta ba ta yi ba.

Sau ɗaya ya samu ganin Turai, a gidan gwaggonta Hassana, da hantsi, gwaggon tana zaune a tsakaninsu tana kaɗi. Turai ta rame, idanunta sun yi ja.

"Ba ka iya maida mai rigatai?" ta tambaya.

"Maida kyautar babba zagi na, Turai. Cewa na yi ban ɗauke shi bakin komi ba."

"To ka ƙone ta!"

"Ko na ƙone ta, waɗanda sunka gani sun gani."

Ta rufe fuska da mayafi tana kuka. "Ni dai ba ni saɓa ma Baba. Kuma ba ni son kowa in ba kai ba. Mi za ni yi? Hwaɗa min, mi za ni yi?"

Ya tashi ya fita, yana jin kukanta har bakin ƙofa.

Duk da haka ya gwada. Ya naɗe rigar a ƙyalle, ya hau keke har Goronyo, yana ta haddace abin da zai ce. Alhaji Maigandi na ganinsa ya miƙe da murna, ya sa aka shimfiɗa masa buzu, aka kawo fura da soyayyen nama. Ya kira baƙinsa yana nuna shi. "Ga yaron da yas sa ni kuka! Tun rasuwar babana ban ji muryag ga ba." Lawwali ya buɗe baki sau biyu, maganar ta ƙi fita. Yaya za ka dubi mutumin da ke murna da kai haka ka ce alherinsa ne ya rushe maka gida? Ya koma Rabah da ƙunshinsa kamar yadda ya zo.

Damina ta sauka ta ɗauke. Aka yanke gero, aka dasa albasa a fadama. Lawwali ya tura gita da akwati ƙarƙashin gado, ya bar batirin ya mutu. A ofis abokan aiki suka fara tsokanarsa da Sarkin Kiɗa, yana ji ba ya tankawa. Ya nemi tiransifa, aka hana shi. Maneman Turai suka yi ta zuwa, tana gaishe su da ladabi ta koma ciki, Malam kuma bai matsa mata ba, bai kuma sauko ba. Kowa a gidajen biyu yana cikin baƙin ciki, an kuma rasa wanda za a ɗora wa laifi.

Wata goma sha ɗaya ana haka. Sai Alhaji Maigandi ya tashi aurar da 'yarsa, ya aiki Mode ya ɗauko masa mai gitar nan. Lawwali ya ce a ba Alhaji haƙuri, ba zai iya ba. Alhaji ya harzuƙa.

"Ni za shi wulaƙanta? Bayan na tuɓe rigata na ba shi?"

Mode, wanda abin ya daɗe yana ci, ya durƙusa. "Alhaji, rigag ga ita tak kashe shi. Ba makaɗi na ba. Malamin gona na, ɗan marigayi Malam Isa na Rabah. Saura wata biyu aurenai da ɗiyar Malam Abdulƙadiri na Wurno, saboda rigar da kab ba shi anka hwasa."

Alhaji ya ce, "Kuma yaz zo gidana yac ci abincina bai hwaɗa min ba?"

"Kunyarka yaj ji."

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, zauren Malam cike da dattawan unguwa, motar Mode ta tsaya a ƙofa. Alhaji Maigandi ya shigo, Lawwali na biye, ƙunshin rigar da aka ce ya taho da ita a hammata, bai ma san abin da aka ɗauko shi yi ba. Bayan gaisuwa Alhaji ya ƙi zama.

"Jama'a, ku shaida. Ni na ga yaron ga da abin kiɗi, ban tambayi ko ɗan wa na ba, na yahwa mai riga. Bai roƙe ni ba. Kuskure nau na, shi kau ladabi yay yi." Ya juya ya miƙa hannu. "Lawwali, ba ni rigata. Na amshe kyautata."

Mutum mai suna irin na Alhaji, ya bi kyautar da ya yi ya karɓe a gaban jama'a? Gobe za a yi ta yi da shi daga Goronyo har Sakkwato, kuma kowa a wurin ya san haka.

"Alhaji," in ji Malam a hankali, "ka san abin da anka kwatanta mai komawa ga kyautatai da shi?"

"Na sani, Malam, kare mai komawa ga amanai. Na ji shi wajen karatu tun ina yaro. Na yarda a kira ni da shi har in mutu, da a ci gaba da kiran yaron ga abin da ba shi na ba."

Lawwali ya miƙa ƙunshin. Malam ya dubi dattawan ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya kawar da kai. Ya share ido da gefen rawani.

"Wanda anka amshe ma riga ba a yi mai kyauta ba ke nan. Kun ji, kun gani. Lawwali, ka ce ma mutanenka su maido kaya. Abin kiɗin ga kau, iyakatai ɗakinka."

Daga cikin gida guɗar Gwaggo Hassana ta tashi, ashe duk suna bayan ƙofa suna saurare. Lawwali ya kifa kai a tabarma yana kuka kamar ƙaramin yaro, ba wanda ya hana shi.

Bayan sati uku aka ɗaura aure. Ku samari da 'yan mata, ku riƙe wannan. Da Turai ta bijire wa mahaifinta, ko Lawwali ya jefa wa dattijo rigarsa don fushi, da ba a kai ga wannan rana ba. Haƙurinsu ne ya tsaya musu a lokacin da ba su da wata dabara. Ku kuma masu hannu da shuni, ku riƙa tambaya kafin ku yi alheri, don kyautar da ba a san inda za ta sauka ba tana iya zama nauyi.

An kuwa yi ta yi da Alhaji Maigandi, kamar yadda ya sani za a yi. Shekara da shekaru, in ya ratsa kasuwar Goronyo sai ka ji ana raɗa, ga wanda ya karɓe rigarsa. Yana ji, bai taɓa waiwayawa ba.