Wanda Ya Ja Igiyar Bunsuru

Shekara ashirin da shida ina gadin wani coci a Sabon Gari, kuma duk ranar bikin godiya ni nake tsayawa gefen bagade, wurin ajiye baiko a gaban coci, ina karɓar abin da aka kawo. Iyali za su taso daga bakin ƙofa suna rawa, yara a gaba da doya ko kaji ko akuya, maigida a baya yana kaɗa hankici. Don haka in na ce na san abin da ya cinye gidan Nwabueze, kada wani ya yi mini musu. Rabi da idona na gani, sauran daga bakinsa na ji.

Nwabueze yana da ɗan shagon kayan lantarki a wajen Bata, shi da ƙanensa Ifeanyi. Matarsa Veronica tana suyar ƙosai, suna da 'ya'ya mata biyu, Ujunwa da Amarachi. Ba su taɓa kwana da yunwa ba. To a shekarar da soja suka koma bariki, farar hula suka hau, sai kwangila ta ɓarke. Abokansa suka shiga kai wa sababbin ciyamomi janareto. Wanda jiya suke shan garin kwaki tare, yau ya shigo coci da saniya, shi kuwa Nwabueze da doya biyu. Abin ya tsaya masa a wuya.

"Baban Uju, me muka rasa?" in ji Veronica. "Allah ya ba mu lafiya, yara suna makaranta. Ni dai Ubangiji ya ishe ni."

"Ke ya ishe ki. Ni ana dariyata a coci."

Wallahi ba mai dariyarsa. Shi kaɗai yake jin dariyar.

Wani ɗan kasuwa ya kwatanta masa wani boka da ke zaune a wani kango a bayan Kwaciri. Ya je da rana tsaka, amma da ya shiga sai da ya lalubi bango. Ɗakin ba taga. A tsakiya an binne baƙar tukunya har wuya, tana fitar da warin tsohon jini. Ƙahonin awaki sun cika rufi, igiyoyi kuma jere a bango, kowace da ƙulli. Bokan siriri ne, ba a san ƙabilarsa ba, amma ya kira Nwabueze da sunan da mahaifiyarsa kaɗai take kiransa.

"Ni Kirista ne," in ji Nwabueze. "Ba zan zubar da jinin mutum ba."

"Wa ya ce ka bar cocinka? Ka je, ka zauna a layin gaba ma." Bokan ya ciro igiya ɗaya, ya tsoma a tukunya. "Duk shekara ka kawo baƙin bunsuru ya yi kwana uku a nan. Ka ɗaura masa wannan, ka kai shi bikin godiyarku. Godiyar tamu ce, ko da a can aka yi ta."

"Shi ke nan?"

"Ɗan gidanka ya ja shi daga ƙofa zuwa bagade."

"In ni na ja fa?"

"Kai ko wani, duk ɗaya ne a wurinmu."

Nwabueze ya fito yana murna, wai ya sami araha. Bai tambayi me ake yi da mai jan igiyar ba.

Kafin wata shida ya buɗe shago uku a Titin Ibrahim Taiwo, ya sayi bene, aka naɗa shi shugaban bikin godiya. To ka taɓa ganin shugaban biki yana jan bunsuru da kansa? Haba! Babban mutum a baya yake taku. Sai ya miƙa wa Ujunwa igiyar, 'yar shekara goma sha huɗu, ta zo tana rawa tana dariya. Da na karɓa daga hannunta, igiyar sanyi ƙalau, ga zufa tana zubo wa kowa. Bunsurun ya ƙi cin ciyawa, kafin yamma ya mutu a bayan coci. Bayan kwana bakwai Ujunwa ta ce wuyanta yana shaƙe ta. A kan hanyar asibiti ta cika.

Ya ce ciwo ne. Zuciyarsa ta san ba ciwo ba ne, amma kuɗi suna ta shigowa. Da shekara ta zagayo bai ba Amarachi igiyar ba, sai ya ba Ifeanyi. Wannan ne abin da har yau ban iya yafe masa ba, Allah ya gafarta mini, domin ya zaɓa ne yana sane. Bayan mako guda Ifeanyi ya tuɓe riga a tsakiyar Bata, yana tafiya da wuya a miƙe yana roƙon a sassauta masa.

Nwabueze ya koma kangon a guje.

"Na fasa! Karɓi benen, karɓi shagunan!"

"Me zan yi da bene?" in ji bokan. "In ba a ja ba, igiyar za ta zaɓa da kanta, kuma ba ɗaya za ta ɗauka ba. In ka bar Kano, tana gabanka."

Tun daga nan ya daina cin abinci. Ya jefa igiyar a wuta, washegari ya same ta cikin aljihun kwat ɗinsa. Veronica ta matsa masa har ya faɗa mata komai. Ta yi kuka har muryarta ta dishe, sannan ta ce, "Tashi mu je coci wurin Fada. Wanda ka juya wa baya ya fi wannan tukunyar ƙarfi."

"In na faɗa, da wane ido zan dubi mutane? Ni ne shugaban biki!"

Ka ji fa. 'Yarsa tana kabari, ƙanensa yana bin bola, shi kuma idon mutane yake tsoro.

Ranar godiya ta uku Veronica ta kulle Amarachi a gida. Amma yarinya 'yar shekara tara, ga sabon kaya an ɗinka mata, sai ta fita ta ƙofar baya ta bi maƙwabta. Ana kiran sunan gidansu, Nwabueze yana tsaye a ƙofar coci da bunsuru yana waige-waigen wanda zai ba, sai ga ta. "Baba, bana ni ce!" Ta kai hannu.

Na ga fuskarsa a lokacin. Ya ture ta har ta faɗi, ya naɗe igiyar a hannunsa, ya fara tafiya. Ba rawa, ba hankici. Masu kiɗa suka yi shiru. Da ya iso na miƙa hannu in karɓa, amma yatsunsa sun ƙi buɗewa. Ya durƙusa ya faɗi komai da ƙarfi, tun daga doya biyu har zuwa Ifeanyi, ya ce, "Yesu, na sa ka a baya, ka ji tausayina." Fada ya ɗora masa hannu yana addu'a. Sai da Fada ya ce amin hannun ya buɗe, igiyar ta faɗi. Nwabueze bai sake tashi daga wurin ba, a nan ya cika.

Cikin wata guda gobara ta cinye shagunan, benen ya tsage aka rushe shi. Ifeanyi ya dawo hayyacinsa, amma har yau ba ya sa riga mai wuya.

Kai da kake zaune a layin gaba kana hangen saniyar maƙwabcinka, da kai nake. Ba a ajiye Allah a matsayi na biyu a ce ana bauta masa, kuma abin da ka karɓo a ɗaki marar taga, wanda ka fi so ne zai biya.

Da shekara ta dawo aka kira gidan Nwabueze. Veronica ta taso daga ƙofa da tsohon zanenta, Amarachi a gabanta da ranta da lafiyarta, suna rawa. Na miƙa hannu na karɓa ina hawaye. Doya biyu ce.