Koriyar Fitilar Ƙofar Baya

Dab da magariba Orval da mataimakinsa Wendell suka sauke gangunan mai a wani ƙauyen masunta can arewacin Kanada, suka juyo da jirgin sama wayam. Tsohon jirgi ne mai farfela biyu, ya yi jigilar sojojin laima lokacin yaƙi. Wayar da suke maƙala ƙugiyoyinsu tana nan a rufi, ga 'yar koriyar fitila a ƙofar baya, wadda Orval kan kunna duk tafiya, bai taɓa faɗin dalili ba.

Suna doso tsauni sai wutsiyar jirgin ta yi nauyi, hanci ya ɗaga, gudu ya ragu. Orval ya tura sitiyari, ina!

"Sun miƙe," in ji shi ƙasa-ƙasa. Ya latsa makunnin fitilar, ya waiga. Duhu. "Kai, ina ƙwan?"

"Na cire da safe, maigida. Na gaba ne ya mutu, wancan kuwa zaman banza yake..."

"Kai ne banza! Sojojin laiman nan suna tsaye suna jiran kore, alamar su dira, aka harbe su. Yanzu fatalwoyinsu sun taru a ƙofa. In ba su sauka ba, dutsen can ne kabarinmu. Tashi!"

Wendell ya zari tocila da koriyar kwalbar lemo, ya nufi baya. Warin jiƙaƙƙen tamfol da tsohuwar taba ya bugi hancinsa. Ba kowa. Amma wayar tana rawa.

Ƙyas. Ƙyas. Ƙarar ƙugiyoyi a jikin waya.

Ya kutsa ta tsakanin kafaɗun da ba ya gani. Ya ɓalle ƙofa, iska ta mare shi. Ya haska tocila ta cikin kwalbar.

Dif! Takalmi ya dira waje. Dif! Wani. Hancin jirgi ya fara sauka.

Sai hannu mai sanyi ya dafa kafaɗarsa.

"Saura kai."

Ƙugiya ta kama wuyan rigarsa, ana tura shi. Ƙafa ɗaya ta fita. Wayyo Allah! Ya cilla tocila da kwalba waje, hannun ya bi hasken.

Ƙasan jirgin ya shafi kawunan itatuwa, suka haye tsaunin.

Wendell bai ƙara hawa jirgi ba, tuƙin tasi ya koma a birnin Edmonton. Amma duk sanda danja ta ba da kore, na baya su yi ta oda suna zagi, shi kuwa ya ƙanƙame sitiyari, idonsa rufe, yana jiran hannun ya sauka daga kafaɗarsa.