Matar Gindin Tsamiya

Maharazu ya fara ganin Zulaihatu ne a Damari, bayan magariba, ranar da motar majigi ta gwamnati ta tsaya a bakin kasuwa. Yana gyara injin sai hasken ya zame daga farin ƙyalle, ya sauka kan wata budurwa mai ɗauke da ƙwaryar fura. Ba ta kauce ba. Hannu kawai ta sa ta kare ido.

"Malam, ni za ka haska ko fim ɗin?"

Ya yi sauri ya mayar da hasken kan ƙyalle. Bayan an tashi, ya tambayi gidansu.

Maharazu mutumin Ketare ne, ta wajen Kankara. Ya yi digiri a Zariya, ya kama aikin majigi, amma burinsa ya koyi shirya fim da kansa. A lokacin, kuɗin man fetur ya shigo, gwamnati na tura ɗalibai waje. Da ya fara zuwa zance, a dakalin ƙofar gida yake zayyana mata komai.

"Makarantar Ingila ba ta neman digiri, amma hukumar ba da tallafi ta Kaduna ta ce babu gurbi bana. Ta Indiya kuwa sai mai digiri, kuma sai ka aika musu ɗan gajeren fim da ka ɗauka da hannunka. Karatun shekara uku ne. In da mata, an yarda a tafi da ita."

"To ina matar?"

"Ga ta nan tana ja mini rai, Zulaina."

Ta rufe fuska da mayafi tana dariya.

Mahaifinta Malam Rabo bai yi dariya ba. Tun da matarsa Hajaratu ta rasu wajen haihuwar Zulaihatu, ko Funtuwa bai yarda yarinyar ta kwana ba. Yayarsa Goggo Mairo ce ta raine ta a gabansa.

"Ka yi karatu har jami'a, ka ƙare a haska inuwa a bango?" in ji shi, ranar da Maharazu ya je gaishe shi. "Ɗiyata guda ba ta ƙetare ruwa. Ga Harisu ɗan Alhaji Barau na Faskari, kwangila yake yi, ko'ina ya tafi gida yake kwana."

Maharazu ya sunkuyar da kai ya fita, amma bai janye ba. Ya ari kyamarar ofis, ya ɗauki matan Damari suna ɗiban ruwa da hantsi a tsohuwar rijiyar da ke kusa da tsamiya, Zulaihatu a cikinsu. Ya kai fim ɗin Kaduna aka wanke.

Ranar da ya gwada shi a ofishin Kankara, ya ga abin da bai zata ba. Zulaihatu ya saita, ya tabbata. Amma ga wata mata a gindin tsamiya, cikin baƙin saƙi, tsaye ƙyam. Iska na kaɗa mayafan sauran mata, nata ko motsi. Fuskar Zulaihatu ta ɗan dushe, ta matar kuwa ta fito tar. Bai ga kowa a wurin ba ranar da ya ɗauka.

Direban motar majigin abokin Harisu ne, kuma shi ma ya ga fim ɗin a ofis. Kafin kasuwar Damari ta sake ci, gari ya ɗauka cewa mai majigi wata yake so, har ya cika fim da fuskarta.

Takardar Zulaihatu ta same shi ta hannun mai motar haya:

"Malam Maharazu, an ce wai da ni ka fake don ka ɗauki wata. In haka ne, ita za ka kai Indiya. Na daina fitowa zance."

Ya mayar mata:

"Zulaina, wallahi ban san ta ba, kuma tun da na gan ta ban samu natsuwa ba. Ki roƙi Baba ya bar ni in nuna muku, ku yi mini hukunci."

Goggo Mairo ce ta matsa har Malam Rabo ya yarda. Bayan la'asar aka toshe ƙofar zaure da tabarmi, aka tada janareta a waje. Su huɗu suka zauna.

Rijiya ta fito a bango, guga na sauka. Sai ga matar. Tana kallon Zulaihatu, ba ta ƙifta ido. Can ta juyo a hankali, ta kalli wanda ke riƙe da kyamara, ta daɗe tana kallonsa, sannan ta sunkuyar da kai sau ɗaya.

Goggo Mairo ta kama hannun Zulaihatu ta riƙe gam. Ta ce, "Wannan saƙin ni na rina shi. Da shi aka kawo Hajaratu gidan nan."

Fim ya ƙare, wutsiyarsa na ta bugun injin, Maharazu ya kasa miƙa hannu ya kashe.

"Sake," in ji Malam Rabo.

Aka sake. Da aka zo wurin, ya miƙe ya matsa kusa da bango har inuwarsa ta rufe rabin hoton. Zulaihatu ba ta taɓa ganin fuskar uwarta ba, domin babu hotonta ko ɗaya. Ta yi ta kallo, hawaye na zuba, ba ta share ba.

Malam Rabo ya koma ya zauna. Ya ciro carbinsa.

"Matattu ba su dawowa," ya ce. "Allah ne masanin abin da muka gani. Amma ni na san yadda take sunkuyar da kai in ta yarda da magana." Ya dubi Maharazu. "Ba ka san ta ba?"

"Ban san ta ba, Baba."

"Wannan fim ba ya barin gidan nan. Ka ɗauki wani ka aika musu. Ka turo magabatanka."

Maharazu ya ɗauki masussukar dawa a Ketare ya aika. Kafin damina ta faɗi, makarantar ta karɓe shi, tallafi ya fito. Harisu ya yi ta aike, Malam Rabo ya ce magana ta wuce.

Aka ɗaura aure ranar Juma'a a ƙofar gidan. Da motar amarya za ta tashi, Malam Rabo ya leƙo ta taga ya dafa kan ɗiyarsa.

"Shekara uku kuka ce. Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo da ku ina raye. Allah Ya yi muku albarka."

Mota ta ɗauki hanyar Kankara. Zulaihatu ta lalubo hannun mijinta ta ƙarƙashin mayafi.

"Har yanzu kana jin tsoro?"

"Kaɗan," in ji shi.

"Ni na daina. Riƙe ni sosai."