Yaron da Ya Iya Tafiya Bai Iya Tsayawa Ba

Ku yaran yanzu, da kun iya abu kaɗan sai ku manta da wanda ya koya muku! To, ku zauna ku ji.

A wani gari an yi wani yaro ɗan aji biyu, kawunsa ya ba shi aron tsohon keke marar birki. Yaron ya ce wa abokinsa, "Riƙe mini kariyar bayan keken in koya, in na iya sai in riƙe maka."

Kullum aka tashi daga makaranta, yaro na tuƙi, aboki na gudu a baya. In za a tsaya, aboki ne ke ja ya tsayar. Yaro na tuƙi, aboki na gudu, har yaro ya iya.

Aboki ya ce, "Saura ni."

Yaro ya ce, "Da gajerun ƙafafun nan naka? Ƙara tsawo tukuna."

Washegari ya hau shi kaɗai zuwa makaranta, yana kaɗa ƙararrawa. Sai da ya iso ƙofa ya tuna bai taɓa tsayar da keken da kansa ba. Ya wuce yana ihu, "A riƙe ni! A riƙe ni!"

Aboki ya ce, "Ayya, ƙafafuna gajeru ne!"

Keke bai tsaya ba sai cikin shanyar barkonon wata tsohuwa. Ta kama kunnensa ta ce, "Ɗan nan, ba inda za ka sai ka tsince shi tas!"

Ya wuni yana tsinta, yana atishawa, yana hawaye. Da yamma kuma kawu ya zo ya karɓe kekensa.