Baƙin Fentin Karofin Rurum

Duk wanda ya zauna a Rano a shekarun da siyasa ta dawo, aka kuma ƙaddamar da Shari'a, ya san Amiru mai zane. Shi ya rubuta rabin allunan shagunan garin. Hannu kam Allah ya ba shi, haƙuri ne ya rasa. Da 'yan takara suka koma buga fosta da kwamfuta a Kano, aiki ya ja baya, zuciya kuma ta dinga cinsa.

Ana haka aka yi shelar bikin baje kolin fasaha na gari. Kwamiti ya ce mai zane ɗaya za a zaɓa, a buga zanensa a fostar biki, a manna daga Rano har Kibiya. Amiru ya san wanda ya samu ya haye, ya kuma san akwai waɗanda suka fi shi hanya wurin 'yan kwamiti. Mahaifiyarsa, Inna Salamatu, ta ce masa, "Ka tsaya a rubutu da furanni, Amiru. Zanen mai rai ba na so." Ya ce to, a baki.

Wata Talata da rana tsaka ya hau babur ya nufi bayan Rurum Tsohon Gari, inda boka Lado ya ɓuya tun da aka fara kamen bokaye. Tsohon karofi ne da marina suka watse suka bari. Ramukan rini duk sun bushe, sai guda ɗaya da baƙin ruwa ke kwance a ciki, ko ƙuda ba ya sauka. An kewaye bakinsa da ƙahonin akuya da jan ƙyalle, ga warin tsohon jini. Tsuntsu bai yi kuka a wurin ba.

Lado yana zaune a bakin ramin, hannuwansa shuɗi har gwiwa. Bai amsa sallama ba.

"Baba, suna nake so da dukiya," in ji Amiru.

Lado ya ɗebo ruwan a ƙaramin gwangwani. "Da wannan za ka riƙa sa ido a zanenka. Wanda ya kalla ba zai iya ɗauke kai ba. Amma idon da ka zana da shi, mai idon namu ne."

Amiru ya girgiza kai. "A sauya. In kawo bijimin sa, ko biyu."

"Ba ma cin sa."

Sai dabara ta zo wa Amiru. "To ba zan zana kowa ba. Fuskar wanda babu shi a duniya zan ƙirƙiro."

Lado ya yi murmushi, haƙoransa ma shuɗi. "Ƙirƙiro, yaro."

Ya dawo yana ganin ya yi wa aljanu wayo. Ya zana wata tsohuwa tana kaɗin auduga. Kamar yadda ya saba, ido ya bari a ƙarshe, sannan ya tsoma buroshi a gwangwanin. Da aka kai zanen gaban kwamiti, ko kallon na sauran ba su yi ba.

Fosta ta cika gari. Mutane na tsayawa a bakin tasha suna kallonta har mota ta bar su. Kafin a tashi daga biki 'yan siyasa sun yi layi a shagonsa. Cikin wata uku ya rushe gidan ƙasa ya ɗora na bulo, ya sayi mota, aka fara ce masa Alhaji tun bai je ba.

Matarsa Bara'atu ce ta fara lura. Ta daɗe tana duban fostar da ke zaure, ta ce, "Baban Mufida, ai wannan idon Inna ne. Dubi yadda na hagun ya ɗan kwanta."

Ya daka mata tsawa. Amma ya duba, kuma haka ne. Abin da ya manta shi ne, hannun mai zane bai san fuskar da babu ba. Abin da ido ya daɗe yana kallo da ƙauna, shi hannu ke maimaitawa.

Idon Inna Salamatu ya yi fari fat a makon, ranar Juma'a aka kai ta makwancinta. Amiru ya yi kuka, ya ce wa kansa tsufa ne. Da wani ɗan takara ya kawo babban aiki, mace riƙe da ƙuri'a, ya karɓa. Wannan karon ya ajiye kalandar wata ƙasa a gabansa yana kwaikwayon baƙuwar fuska. Da ya ja baya ya duba, Bara'atu ce ke kallonsa daga jikin allon.

Ita ba ta mutu da wuri ba. Ta fita kasuwa ba mayafi tana yage fostoci daga bango, tana cewa a ba ta idonta. An yi ruƙiyya, an kai ta asibiti a Kano. A kwana na arba'in ta cika.

Saura 'yarsa Mufida, mai shekara bakwai. Ya kai ta Kibiya gidan kawunta Manu don ya daina ganin fuskarta. Ya jefa gwangwanin a rijiya, washegari ya tarar da shi a kan teburinsa, cike. Ya koma karofi, ba Lado, ba ƙahoni, sai ramin.

Shekara ta zagayo, kwamiti ya sake zaɓensa, ya ce ba ya yi. Amma hannun ya daina jin maganarsa. Wata rana bayan azahar ya farga yana tsaye a gaban allo, buroshi a hannu. Fuskar Mufida ce, har da wushiryarta, ido kawai ya rage. Hannun ya riga ya tsoma a gwangwani yana tafiya da kansa. Ya riƙe shi da na hagu, ya kasa. Tsoro irin wanda bai taɓa ji ba ya rufe shi.

Sai ya fizgo madubin babur da ke rataye a bango, ya kafa wa kansa ido, ya ƙi ƙiftawa. "Nawa za ka zana," ya ce wa hannun, hawaye na zuba. Hannun ya yi gardama, sannan ya bi.

Waɗanda suka ga zanen sun ce fuskar yarinya ce da idanun babban mutum a firgice. Ba a buga shi ba, ƙona shi aka yi.

Mufida ta rayu, tana Kibiya da 'ya'yanta. Amiru kuwa ya makance kafin la'asar, hankalinsa ya bi bayan idon. Gida da mota suka tafi. Shekaru yana zaune a gindin wata tsamiya a hanyar Zinyau, yatsansa na zana fuskoki a ƙasa. Duk wanda ya zo wucewa sai ya sa ƙafa ya share kafin yatsan ya kai wurin ido.

Kai da kake ganin arzikinka ya yi jinkiri har kana tambayar hanyar gidan boka, ka sani ba abin da ke aljihunka zai karɓa ba. Waɗanda ke zaune a tsakar gidanka zai ɗauka, ɗaya bayan ɗaya, kuma da hannunka za ka miƙa su.