Sakin Layi na Huɗu

"Wa ya ce ka rubuta shi da kyau haka?"

Malama ta dangwara takardun a kan murfin wani mataccen firiji. Mai gyaran bai ɗago ba. Yana tsugune, hannunsa a cikin bayan injin, filaya a haƙoransa. Sai da ya cire ta sannan ya ce,

"Ke kika ce."

"Aikin aji na ce ka yi. Ban ce ka haƙa mana kabari ba."

"Kin ce kada mu yi wa abokin gardama rowa. Mu ba shi hujja mafi ƙarfi."

"To ka ba shi! Abbana ya sa an buga masa a takarda, ya bi layi-layi da biro. Har maki ya ba ka, Kore. Wai rabonsa da karanta gaskiya irin wannan har ya manta."

Ya goge hannu da tsumma, ya daɗe yana gogewa.

"Akwai ƙarya a ciki?"

Ita da ke koya wa mutane yadda ake mayar da martani, sai ta kwashe takardunta ta fita, gefen mayafinta ya kwashi baƙin mai a bakin ƙofa.

Ba haka suka fara ba.

Da ta gama jami'a aiki ya ƙi samuwa, sai ta buɗe aji a intanet tana koyar da rubutu da kafa hujja. Da yamma ake haɗuwa ta bidiyo. Akwai kuma wani shafi guda da kowa ke shiga ya yi rubutu daga inda yake, ita kuma tana bi da gyara a gefe da jan rubutu. Duk wanda ya shigo shafin, wata 'yar alama ce ke bayyana tana ƙyaftawa a daidai inda ya tsaya, kowa da launinsa. Akwai wata nas, akwai mai shagon atamfa, akwai wani ɗalibin shari'a da 'yan aji ke kira Lauya saboda ba ya iya gaisuwa ba tare da gabatarwa ba.

Akwai kuma alama koriya. Mai ita ba ya kunna kyamara, ba ya buɗe murya.

Wata rana yatsansa ya taɓa inda bai yi niyya ba. Fuska ta bayyana, baƙin mai a goshi, bayansa firijai a buɗe kamar an yi musu fiɗa. Ya dube ta, ta dube shi. Ya yi wuf ya kashe kamar wanda aka kama da sata.

Ta manta abin da take cewa. Nas ce ta tuna mata.

Bayan aji ta tura masa saƙo: "Me ya kawo ka ajina, tunda ba ka magana?"

"Masu kawo gyara suna cinye ni da baki. Ina da gaskiya, su tafi da ita."

Aikin farko da ta ba su, kowa ya faɗi sana'arsa a jimla ɗaya. Lauya ya cika rabin shafi. Shi kuwa ya rubuta: "Ina gyara abin da ya daina sanyi a ɗaki mai zafi."

Ta daɗe da jan rubutunta a gefen jimlar. A ƙarshe ta sa: "Ba abin gyarawa."

Daga nan ya zama Kore, ita ta zama Jan Biro.

"Jan Biro, kin ci abinci ko waƙafi kike ci?"

"Kore, yau ka rubuta mini kalmomi tara a jere. Lafiya kuwa?"

"Zazzaɓi ne. Ke kika sa mini."

Firijin gidansu ya fara lalacewa akai-akai. A karo na uku Umma, mahaifiyarta, ta dubi soket ɗin da aka zare da gangan, ta dubi 'yarta, ta ce, "Wannan firijin dai miji yake nema." Ta zuba wa mai gyara shayi, ta bar su a tsakar gida. Abba ma, tsohon malamin lissafi, bai ƙi shi ba a lokacin. Ya dai ce yaron ba shi da surutu, kuma a wajensa wannan yabo ne.

Sai ta ba da aikin da ta fi alfahari da shi. Kowa ya zaɓi abin da ya fi so a duniya, ya zauna a kujerar mai hana shi, ya rubuta hujjar hanin da iyakar ƙarfinsa. Mako mai zuwa sai ya dawo ya rusa ta. Nas ta rubuta dalilan da za su hana a ƙara mata girma. Mai atamfa ta rubuta a kan shago na biyu.

Kore ya sa wa nasa take: "Dalilan da suka sa bai kamata a ba ni ita ba." Kuma a shafin aji ya rubuta, inda duk mai adireshin zai iya karantawa.

Sakin layi huɗu ne. Na farko, ɗaki ɗaya gare shi, na haya, a bayan shago. Na biyu, a sakandare ya tsaya, ita kuwa tana da digiri. Na uku, mahaifiyarsa ƙafafunta sun daina ɗaukarta, duk inda zai zauna da ita zai zauna. Malama ta san waɗannan tun tuni. Na huɗun ne ba ta taɓa ji ba.

"Mahaifina ba ya faɗa," ya rubuta. "Idan ransa ya ɓaci shiru yake yi, kwana da kwanaki. Muna bin bango a gidanmu. Wata safiya ya sa takalmi ya fita cikin shirun, bai dawo ba. Ina jin irin shirun nan a ƙirjina. Idan ya taso ba na iya buɗe baki ko da gidan na ci da wuta. Ban san ranar da nawa shirun zai sa takalmi ba. Uban da ke son 'yarsa ba zai ba da ita ga mutumin da bai san wannan ba."

Lauya, wanda ya jima yana kawo wa Abba gaisuwa da jarida, shi ya tura masa adireshin. Da ta tsare shi, amsarsa ta zo a goge tas: "Ranki ya daɗe, ni ban ƙara ko wasali ba. Shaida na gabatar, mai ita ne ya rubuta." Ta cire shi daga ajin. Hakan bai goge komai ba.

Bayan ta dawo daga shagon, Abba ya kira ta falo. Takardun na kan cinyarsa, tabarau a kan hanci.

"Ɗaki ɗaya ba komai ba ne," ya ce. "A ɗaki ɗaya aka haife ki. Digiri kuwa na ga masu shi da yawa. Mai riƙe uwarsa, wannan ƙari ne ba ragi ba. Amma na huɗun nan, uwata, ba ni na faɗa ba. Shi ya faɗa."

"Abba, aikin aji ne. Akwai kashi na biyu, zai rusa shi."

"To ya rusa. Ina jira."

Ta tura masa: "Kore, Abba ya ce ka amsa na huɗu kawai. Ka yi yadda na koya muku. Ka yarda da abin da yake gaskiya, sannan ka nuna inda ya tsaya."

Saƙon ya nuna an karanta. Amsa ba ta zo ba.

"Kore na, ko kalma ɗaya."

An karanta.

"Ka san abin da kake yi kuwa? Kana tabbatar masa ne."

An karanta.

Kwanaki suka yi ta wucewa. Ta kira, wayar ta yi ta ƙara har ta gaji. Ta je shagon ta tarar da shi yana aiki, ya miƙe ya ba ta kujera, ya koma bayan firiji. Ta zauna har zafin ɗakin ya kore ta.

Aji ma ya fara watsewa. Mai atamfa ta daina zuwa. Nas ta ce, "Malama, muryarki ta mutu, ki huta." Umma ta daina yi mata wasan firiji. Lauya ya ci gaba da kawo jarida, Abba yana karɓa yana ajiyewa ba tare da ya buɗe ba.

Ta shiga shafin da niyyar goge rubutun gaba ɗaya. Tsakar rana ce, lokacin da masu shaguna ke hutawa. Tana gangarawa ƙasa sai ta gan ta. Alama koriya, a ƙarƙashin sakin layi na huɗu, tana ƙyaftawa.

Harafi ya fito. "Ni." Ya goge. "Ba zan." Ya goge. Alamar ta ci gaba da ƙyaftawa a farin fili har lokacin hutu ya ƙare, sannan ta ɓace.

Washegari ma haka. Da wanda ya biyo baya.

Ba ta rubuta masa komai ba. A tsakar ranar da ta biyo, ta ɗauki kwamfutar ta ajiye a kan teburin Abba.

"Me zan gani a nan?"

"Jira kawai, Abba."

Ya jira yana tsaki. Koren ya shigo. Abba ya gyara tabarau, ya matso. Ya ga kalma ta fito ta mutu, wata ta fito ta mutu.

"Shi ne wannan?"

"Shi ne."

"Ya san muna kallo?"

"Yana ganin tawa alamar. Ya ɗauka ni ce."

"Kullum yake zuwa?"

"Kullum."

Abba ya jawo kwamfutar gabansa, ya miƙe yatsa ɗaya, yana neman haruffa kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Da jan rubutun 'yarsa ya rubuta: "Ba ita ba ce. Ubanta ne."

Koren ya tsaya cak. Malama ta san zai iya rufe shafin, dannawa ɗaya ce. Bai rufe ba.

"Ina wuni, Baba."

"Lafiya. Ina amsata?"

An daɗe.

"Ba ni da ita, Baba. Na nema. Duk abin da na rubuta sai in ga ƙarya ce ko alkawarin da ba a hannuna yake ba."

"To me kake zuwa yi nan kullum?"

"Ban sani ba. Na kasa rashin zuwa."

Abba ya cire tabarau ya murza idanu. Ya mayar, ya sake miƙe yatsan.

"Gobe za ka zo?"

"Zan zo."

"To ba nan ba. Gida. Ka zo da wani babba."

Ya ture kwamfutar. Malama ta durƙusa za ta yi godiya, ya ɗaga mata hannu.

"Kada ki yi murna da yawa. Bai rusa hujjar ba, tana nan daram. Ban gamsu ba, uwata. Na yarda ne kawai."

An ɗaura auren da hantsi, ba taro mai yawa. Kawunsa ne ya tsaya masa. Nas ta zo da kayan aikinta a jaka, daga nan asibiti za ta wuce. Aka turo mahaifiyarsa a keken guragu, ta kama hannun Malama ta riƙe gam, ta daɗe tana duban fuskarta kamar mai son yi mata gargaɗi, sai kawai ta ce, "Allah ya ba ki abin da ni ban samu ba, 'yata. Allah ya sa ki tsufa da shi a gefenki."

Umma ta yi ta sa albarka tana kuka, tana cewa yanzu wa zai riƙa zare mata soket. Abba ya dafa kan angon ya ce, "Allah ya yi muku albarka, ya zaunar da ku lafiya." Ya ɗan tsaya, ya ƙara, "Idan ya taso maka, ka zo wajena ka yi shirun. Ni ma na iya."

Da la'asar mutane suka watse. Ɗaki ɗaya ne, an raba shi da labule, tsohuwa tana barci a ɗaya ɓangaren. A lungu akwai ƙaramin firiji da ya haɗa mata daga gawarwakin wasu uku, ya yi masa jan fenti.

Ta zauna a bakin gado ta buɗe shafin a wayarta. Ta zaɓi sakin layi na huɗu gaba ɗaya, yatsanta na kan gogewa. Ya riƙe hannun.

"Bar shi, Jan Biro."

"Don me?"

"Har yanzu gaskiya ne."

Ta ajiye wayar. Ta jingina kanta a kafaɗarsa, tana jin ƙanshin sabon yadi da baƙin man da sabulu bai gama fitarwa ba. Firijin ya tashi, yana gurnani a hankali.

"Kore na."

"Na'am."

"A shafi ina ganin alamarka, in san kana nan ko ba ka ce komai ba. To a ɗakin nan fa, ranar da ya taso maka, ina zan duba?"